Kumbon Shata Da Kiran Sallar Duniyar Wata: Wanne Ya Fi Cancantar Tsawa?

Ina roƙon edita ya ba ni fili, 'yan'uwana ɗalibai kuma su ara mini hankalinsu, domin maganar da na zo da ita na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Amma dai gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Lokacin aikin Hajjin da ya wuce, kamar yadda aka saba, an nemi wasunmu su raka alhazan gida ziyarar wuraren tarihi kafin su wuce Makka. Mu biyu aka haɗa da wata mota, ni da wani ɗan'uwa da ya girme ni a karatu, wanda nake ganin mutuncinsa har gobe. Muka isa Uhudu da hantsi, rana ta fara dukan jan dutsen nan, muka tsaya a filin da ke tsakanin maƙabartar shahidai da Dutsen Maharba. Ana cikin yi wa Sayyidina Hamza da sauran shahidai sallama, sai wayar wani dattijo daga ƙasar Katsina ta ɗauki ƙara a aljihun rigarsa. Kalangu ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo ya san muryar: Alhaji Mamman Shata ne, waƙar Kumbo Apollo 11. Dattijo ya rikice, ya lalubi wannan aljihu ya lalubi wancan, da ƙyar ya kashe. Ɗan'uwan nawa bai bari ta wuce ba. A gaban mata da maza ya yi masa tsawa, ya ce mutum ya tsufa bai bar sauraron kayan shaiɗan ba, har ya kawo su gaban shahidai. Dattijo ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a yi haƙuri, jikana ne ya sa mini." Daga nan bai ƙara cewa uffan ba.

Ba a yi rabin sa'a ba muka hau Dutsen Maharba. Ɗan'uwan ya yi bayanin yaƙi, ya kuwa yi shi da kyau. Amma da ya zo rufewa, yana son ya nuna wa alhazai girman Musulunci, sai ya ɗauko labarin nan da kowa ya taɓa ji: wai Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka duniyar wata, ya ji wani sauti a can bai san ko mene ne ba, sai bayan shekaru da ya je Alƙahira ya ji ladan yana kiran sallah, ya gane shi ne abin da ya ji, nan take ya musulunta. Aka ɗauki kabbara. Na ga wata tsohuwa tana share hawaye da bakin hijabinta. Ni kuwa na yi shiru, kuma wannan shirun ne ya hana ni sakat har na ɗauki alƙalami.

Bari in share fage tukuna, kada wani ya ce ɗalibin Madina ya halatta kiɗa. Ban zo ba da fatawa ba, ban kai ba. Na san matsayin mafi yawan malamai a kan kayan kiɗa, na san kuma irin su Ibn Hazmin da suka saɓa, wannan babi ne da ke da masu shi. Na kuma yarda ɗari bisa ɗari cewa gaban kaburburan shahidai ba wurin kalangu ba ne, kuma dattijon da kansa ya san haka, shi ya sa ya rikice. Abin da nake tambaya daban ne. A wannan hantsi an ji abu biyu game da tafiya duniyar wata. Ɗaya waƙa ce ta mawaƙin da bai yi karatun boko ba, tana ba da labarin abin da ya faru da gaske. Ɗaya kuma wa'azi ne daga bakin mai karatun hadisi, yana ba da labarin abin da bai taɓa faruwa ba. Na farkon ya sha tsawa, na biyun ya sha kabbara. To, jama'a, wane irin ma'auni ne wannan?

Mu da muke kwana muna tashi da muɗalahul hadisi, mu auna labarin da ma'auninmu. Ina isnadinsa? Wa ya ji daga bakin Armstrong? Babu. Ga matani kuma ya ci karo da abin da hankali ya tabbatar: sauti ba ya tafiya sai cikin iska ko ruwa ko wani jiki, duniyar wata kuwa ba ta da iskar da za ta ɗauki murya. Armstrong da Buzz Aldrin, suna tsaye kusa da juna ranar 20 ga Yuli 1969, ta rediyon da ke cikin rigunansu suke magana, kuma ana naɗar duk abin da suka faɗa a ƙasa. Wani zai ce ai Allah Mai iko ne, Yana iya jiyar da shi ba iska. Haka ne, babu Musulmin da ke musun wannan. Amma yiwuwar abu daban, aukuwarsa daban, kuma aukuwa sai da hujja. Mai labarin ma ya musanta. Jita-jitar ta bazu ne a farkon shekarun 1980 a Indonesiya da Malesiya da Masar, ta yi ƙarfin da a watan Maris 1983 sai da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta na ƙasashen Musulmi takarda cewa Armstrong bai musulunta ba. Har wasu suka ƙara gishiri cewa ya ƙaura Lebanon, alhali wani ƙaramin gari ne mai suna Lebanon a jihar Ohio ta Amurka inda yake da gona. Mutumin ya mutu a 2012, labarin kuwa bai mutu ba, yana nan yana yawo a WhatsApp da harshen Hausa.

Ga kuma abin da zai ba ka dariya ya ba ka haushi. Cikin abubuwan da suka yaɗa wannan labari a Indonesiya har da waƙa. Wani mawaƙi mai suna Suhaemi ne ya yi ta, a kan amon kiran sallah a duniyar wata, jaridun Jakarta suka yi ta maganarta a 1983. Ashe ɗan'uwana da ya tsawata wa dattijo saboda waƙar kumbo, shi ma waƙar kumbo ya rera mana a kan Dutsen Maharba, sai dai tasa an cire mata kiɗa an sa mata rawani. Laifi tudu ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wurin da aka faɗi labarin. Uhudu fa! A nan ne, a watan Shawwal shekara ta 3 bayan Hijira, bayan mafi yawan maharba 50 da aka ajiye ƙarƙashin Abdullahi bn Jubair sun sauka daga dutsen, Khalid bn Walid ya zagayo da dawakai, aka kashe Mus'ab bn Umair mai riƙe da tuta, sai aka yi shela cewa an kashe Manzon Allah (SAW). Ƙarya ce, amma ta yi wa rundunar Musulmi ɓarnar da takobi bai yi ba: wasu suka zauna, wasu suka juya. Duk wanda ya hau wannan dutse ya kamata ya sauko yana tsoron labarin da ba a tantance ba.

In kuma wani ya ce ai waccan ƙarya ce mai cutarwa, wannan kuwa mai ƙara imani ce, to ya waiwaya kudu, kilomita kaɗan, ya dubi Baƙi'a. A can aka binne Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW). Ranar da ya rasu rana ta yi husufi, masana taurari sun lissafa ya zo daidai da 27 ga Janairu 632. Mutanen Madina suka ce don mutuwar Ibrahim ne. Ka duba fa, magana ce da ke ɗaukaka Annabi, ga ta kuma ta zo a ranar da uba yake cikin baƙin ciki. Da ƙarya mai daɗi tana da gurbi a addinin nan, da ranar za a bar ta ta wuce. Amma bai bari ba. Ya tara mutane ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba ruwan husufinsu da mutuwar wani ko rayuwarsa. A garin nan aka yi wannan, game da sararin samaniya kuma aka yi shi. Mu da muke zaune a garin, da wace fuska za mu riƙa ƙirƙiro wa wata ladan?

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa muke son irin waɗannan labarai, ga kuma abin da na gano: ba mu da abin faɗa na kanmu game da sama, shi ya sa muke aro na ƙarya. Iyayenmu kuwa ba haka suke ba, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya.

Yawancinmu ba mu san cewa Kano tana cikin tarihin tafiya sararin samaniya ba. A farkon shekarun 1960, hukumar NASA ta kafa tashoshi a sassan duniya don bibiyar kumbunan shirinta na Mercury, ɗaya daga cikinsu a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya zagaya duniya sau 3, tashar Kano na cikin waɗanda suka bibiye shi. Ranar 23 ga Agusta 1963, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta hanyar tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karo na farko ke nan da shugabannin ƙasashe biyu suka yi haka. Da aka sauka duniyar wata a 1969 Nijeriya na tsakiyar yaƙin basasa, kowa da abin da ya dame shi, amma duk da haka Shata, mutumin Musawa, ya ga abin ya isa a yi masa waƙa. Ya ɗauki kumbo ya ba 'yan amshi, ya kai shi kasuwa da tasha da zaure, ya sa manomin da bai taɓa shiga aji ba ya san cewa an ƙera wani abu da ya ratsa kilomita wajen 384,000 ya je ya dawo. A shekarar kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro Kilba da aka ɗauka aka yi yawo da shi sararin samaniya. Ƙagaggen labarin kimiyya ke nan da Hausa, tun 1969. Ina so kowane ɗalibi ya tambayi kansa ko ya taɓa riƙe shi a hannu.

Kuma kada a ce boko ne ya kawo. Tun kafin zuwan Turawa malamanmu na zaure suna da waƙoƙin taurari da ajami, suna haddace manzilolin wata 28, da su ake gane shigowar damina da lokacin shuka. Kakanninmu sun raɗa wa taurari suna: ga Zara matar wata, ga Gamzaki mai fitowa da asuba, ga Kaza da 'ya'yanta. Wanda ya raɗa wa abu suna ya daɗe yana kallonsa. Mu kuwa, in ban da daren 29 ga Sha'aban da na Ramadan, wa ke ɗaga kai? Shi ma ɗin rigima muke jira, ba wata ba.

Sauran al'ummu ba su yi wasa da wannan fage ba. Gustav Holst na Ingila ya tsara kiɗansa na duniyoyi bakwai a shekarun yaƙin duniya na farko. David Bowie ya fitar da waƙarsa ta wani ɗan sama jannati da ya ɓace a watan da aka harba Apollo 11, har wani ɗan sama jannati na Kanada, Chris Hadfield, ya rera ta a tashar sararin samaniya a 2013. Sun Ra, baƙar fatar Amurka da ya zo Legas bikin FESTAC a 1977, ya gina kiɗansa kacokan a kan tunanin cewa baƙar fata tana da rabo a sama ko da an hana ta a ƙasa. Ba ina cewa mu rungumi duk wannan ba ne. Holst a kan bokancin taurari ya ɗora nasa, Sun Ra kuwa cewa yake daga duniyar Zuhalu ya zo, maganar da Musulmi ba zai ko saurara ba. Akwai shirme a ciki mai yawa. Amma ko da shirmen, sun cusa wa 'ya'yansu cewa sama wuri ne da ake tunani a kansa, ake lissafa shi, ake zuwa. Yaron da ya tashi da wannan a kunnensa shi ne gobe yake zama injiniya. A 1977 ɗin nan aka harba kumbuna biyu masu suna Voyager, kowanne ɗauke da faifan zinariya mai kaɗe-kaɗen duniya da gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Larabci, akwai Luganda da Nyanja da Sotho daga Afirka. Babu Hausa. Voyager 1 ya fita daga yankin iskar rana tun 2012, yana can yana tafiya, ba ko "sannu" tamu a cikinsa.

Abin mamaki, in labarin da zai ƙara wa Musulmi ƙarfin gwiwa muke nema, na gaskiya sun ishe mu har sun yi yawa. Dakta Faruk El-Baz, Bamisire masanin duwatsu, yana cikin waɗanda suka zaɓi wuraren da kumbunan Apollo za su sauka, ya kuma koyar da 'yan sama jannatin yadda za su karanci fuskar wata. A kan watan akwai ramuka masu sunan Al-Battani da Ibnul Haisam da Al-Biruni. Yarima Sultan bn Salman na wannan ƙasa da muke zaune ya hau kumbon Discovery a watan Yuni 1985, shi ne Musulmi na farko da ya je sararin samaniya. Da Malesiya za ta tura Sheikh Muszaphar Shukor a watan Oktoba 2007, cikin azumi, malamansu ba su ce ƙarya ce ba, ba su kuma ƙirƙiro karama ba. Zama suka yi da masana kimiyya suka fitar da ɗan littafi kan yadda zai fuskanci alƙibla, ya yi sallah, ya yi azumi a wurin da rana ke fitowa sau 16 a kwana guda. Wannan shi ne fiƙihu mai rai. A watan Mayu 2023 kuma Rayyana Barnawi ta je tashar sararin samaniya, mace ta farko daga Saudiyya. Duk wanda ya zauna a Hijaz ya san nasabar Barnawi, kamar Hausawi da Fallata, ta mutanenmu ce da suka zo daga yamma suka zauna, Barno take nufi. Wannan labari bai fi daɗin faɗa wa alhazai ba?

Ga kuma na cikin gida. Shaihu Abdul'aziz bn Baz, Allah Ya jiƙansa, wanda ya shugabanci jami'ar nan ta Madina daga 1970 zuwa 1975 bayan ya yi shekaru yana mataimaki, lokacin da gardama ta kaure kan zuwa duniyar wata ya rubuta maƙala yana bayyana cewa babu wani nassi da ya hana yiwuwar isa can, ya kuma ja kunne kada a gaskata ko a ƙaryata ba tare da hujja ba, kada kuma a kafirta wanda ya gaskata. Yau fiye da shekara 50, amma har yanzu a cikinmu akwai mai cewa ba a je ba sam, akwai mai cewa an je har an ji ladan, wani lokaci ma mutum ɗaya ne ke faɗin duka biyun, gwargwadon majalisar da ya samu kansa.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, me ya kai ga ɓata takarda? Ba ƙarami ba ne, domin mu ne za mu koma gida mu hau mumbari, mu riƙe Islamiyya, a kira mu rediyo. Abin da muka faɗa shi ne addini a wurin talaka. A watan Janairu 2001, da wata ya yi husufi, matasa a Maiduguri sun fita suna ƙone-ƙone, wai zunubin wasu ne ya jawo. Da sun tashi da sanin cewa inuwar ƙasa ce ke faɗa wa wata, ana kuma lissafa ranarsa shekaru kafin ya zo, abin da sunna ta ce a yi kuma sallah ce da addu'a da sadaka, da ba a kai ga haka ba. Sannan yaron yau da waya a hannunsa minti biyu ya ishe shi ya gano labarin Armstrong ƙarya ne. Ranar da ya gano, ba wannan labarin kaɗai zai jefar ba, zai fara tambayar sauran abin da malam ya faɗa masa. Mu muka buɗe masa ƙofar, da hannunmu, da kyakkyawar niyya.

To, in kalangu ne matsalar, ai ga rubutacciyar waƙa nan, ba ganga ba garaya, gadon Shehu da Nana Asma'u. Aliyu Namangi, makaho mai Imfiraji, bai ga ƙasƙanci ba ya yi wa keke waƙa. Mu muna da aruli, muna da Larabci, muna da Hausa, wasunmu ma sun yi kimiyya a sakandare. Na bi shafin waƙoƙi na mujallar nan fitowa bayan fitowa, na ga ta'aziyya, na ga yabon malamai, na ga begen gida, duk suna da kyau. Ban ga baiti ɗaya a kan husufi ba, ko a kan yadda jinjirin wata ke haihuwa, ko tauraron ɗan'adam da Nijeriya ta fara harbawa a 2003. Mun hana dattijo nasa, ba mu ba shi namu ba. Ina roƙon edita ya ware shafi guda a fitowa ta gaba don wannan, waƙa ko ƙagaggen labari, da sharaɗin duk abin da aka faɗa na kimiyya ya zama an tantance shi kamar yadda muke tantance ruwaya. Ni zan fara kawo tawa, ko da za a yi mini dariya.

Ɗan'uwan nawa na same shi daga baya mu biyu, na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan. Ya yi jim, ya ce shi ma a wurin wa'azi ya ji tun yana yaro, bai taɓa bincikawa ba. Ya ce zai daina faɗa. Amma alhazan motar nan sun riga sun koma gida da shi, kowannensu kuma zai ce a Madina ya ji, daga bakin malami, a kan Dutsen Uhudu.

A hanyar komawa masauki ranar, na zauna kusa da dattijon na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai malam gaskiya ya faɗa. Can sai ya ce shi yana yaro aka je watan, a rediyon maƙwabcinsu suka ji, mutanen garinsu suka ƙi yarda, har sai da Shata ya yi waƙa tukuna wasu suka ce to lallai an je. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, shi wannan Baturen da ya musulunta, wane suna aka sa masa?" Na ce, "Baba, bai musulunta ba." Ya ce, "To, amma ai yanzu aka faɗa a kan dutse."